Martani: Ba a Yi wa Ciwon Hanji Biyu Kuɗin Goro

Akwai wani rubutu da ya zaga hannun masu karatu kwanan nan, a kan mutanen da Allah ya jarrabta da ciwon hanji biyu a lokaci guda: gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratif kolaitis, da kuma cutar siliyak, wadda a cikinta jiki ke yi wa alkama bore. Ban ga mugun nufi a rubutun ba. Tausayin marasa lafiya ne ya sa malamin da ya rubuta shi ya ɗauki alƙalami, don haka ya cancanci a faɗi matsayinsa yadda yake kafin a taɓa shi. A ganinsa cututtukan biyu rassa ne na itace ɗaya, saiwarsu kuwa ita ce alkama da abincin zamani da suka mamaye tukwanenmu. Tunda duniya ta yarda barin alkama ne maganin siliyak, in ji shi, babu abin da zai hana wannan hanya ta warkar da gyambon ma, ga kuma ɗimbin mutane da suka shaida sun samu sauƙi bayan sun bar burodi da taliya. A kan wannan ya ɗora sauran gininsa: wai ba sai an kashe kuɗi a gwaje-gwaje ba, mutum ya bar alkama wata ɗaya ya gani da idonsa, wai magungunan asibiti lulluɓe ciwo kawai suke yi, da zarar an ji dama sai a riƙa janye su, wai a haɗa da barin madara da wake da ganye da yawancin hatsi don hanji ya huta, sannan bayan shekara guda, in ciki ya daidaita, ba laifi a riƙa taɓa alkama jefi-jefi.

Akwai inda malamin ya yi gaskiya, kuma zan ba shi abinsa. Maganin gyambon babban hanji yana da tsada, wani lokaci ma sai a zaga kemis biyar ba a same shi ba. Likitoci da yawa ba su da lokacin zama su yi wa majiyyaci bayanin abin da zai ci, sai su sallame shi da takardar magani kaɗai. Haka nan gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da dankali duk babu sinadarin gulutin a cikinsu, saboda haka Bahaushe mai siliyak ya fi Baturen Italiya sa'a a wajen tukunya. Sai dai daga nan muka raba hanya, domin duk abin da ya biyo baya a rubutun ya dogara ne a kan cewa ciwon biyu abu ɗaya ne, alhali kama da wane ba ta wane.

A fara da siliyak, tunda ita ce malamin ya ara ya yafa wa ɗayar. An san abokin gabarta da sunansa: gulutin, wani sinadarin furotin da ke cikin alkama, sha'ir da hatsin rai. Idan mai cutar ya ci shi, garkuwar jikinsa kan auka wa bangon ƙaramin hanji, ta share 'yan tsirarrakin nan masu kama da gashin tawul waɗanda ke tsotse amfanin abinci, har bangon ya koma sumul. Samuel Gee ya siffanta cutar a Landan a 1888, ya kuma hango cewa a abinci mafitarta take, amma bai gano wane abinci ba. Likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya kama ɓarawon. Ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta zo, burodi ya ɓace, yaran da ke fama da cutar suka murmure a daidai lokacin da kowa ke ramewa, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo. Ya rubuta sakamakon bincikensa a 1950. Yau an san ƙwayoyin gado biyu da kusan duk mai cutar ke ɗauke da ɗayansu, ana kiran su DQ2 da DQ8, an kuma san cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen duniya ne ke da cutar. A lura da wannan adadi. Wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na Turawa suna da waɗannan ƙwayoyin gado, suna cin burodinsu safe da yamma lafiya lau. Ko a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi a Aljeriya, inda binciken Carlo Catassi na 1999 ya samu cutar a kashi 5.6 cikin ɗari na yara, adadin da ya girgiza masana saboda yawansa, sauran yara fiye da casa'in cikin ɗari fa? Alkama guba ce ga wasu mutane ƙalilan da aka san siffarsu, ga sauran jama'a abinci ce.

Gyambon babban hanji kuwa wata unguwa ce daban. Yana farawa daga dubura ya hau sama a jere, yana cin fatar cikin babban hanji, yana kawo gudawa mai jini da majina, da matsuwar da ba ta jira. Shi ma garkuwar jiki ce ta rikice, amma har yau babu wani abinci guda da aka nuna cewa shi ne ke kunna ta, wanda in an cire shi wutar za ta mutu. Kuma ba don ba a nema ba. Tun a 1965 Ralph Wright da Sidney Truelove a Oksfod suka raba majiyyata kashi uku: wasu aka hana su madara, wasu aka hana su madara da gulutin, wasu aka bar su da abinci na gama-gari. Barin madara ya ɗan taimaki wasu tsiraru, amma cire gulutin bai ƙara komai a kai ba. An ma je inda ya fi haka. A shekarun 1980 likitoci a Ingila sun gwada hana masu ciwon da ya tsananta cin komai da baki, ana ciyar da su ta jijiya kaɗai, don hanji ya samu hutun nan da malamin ke nema masa. Sakamakon waɗanda aka hana abinci bai fi na waɗanda suka ci ba. To, a nan nake son malamin ya tsaya ya amsa: idan abinci ne saiwar wannan ciwo, me ya sa cire abinci gaba ɗayansa, har da alkamar da dangoginta, bai tumɓuke shi ba? Wane irin ɓarawo ne ake kora daga gari amma sata ta ci gaba kamar yana nan?

Zai iya cewa ai haɗuwar cututtukan biyu a jiki ɗaya ita kanta hujja ce. Lallai suna haɗuwa fiye da yadda dace zai kawo. Wani nazari da masana na Jami'ar McMaster a Kanada suka wallafa a 2020, wanda ya tattaro bincike masu yawa, ya nuna mai siliyak ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da cututtukan kumburin hanji da wajen ninki tara. Amma siliyak tana yawan haɗuwa da ciwon sukari nau'i na ɗaya, tana haɗuwa da ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki. Shin malamin zai ce wa yaro mai ciwon sukari ya ajiye allurar insulin tunda ya bar fanke? Abin da haɗuwar ke nunawa shi ne jikin da garkuwarsa ke da saurin rikicewa yakan rikice ta fuska fiye da ɗaya. Maƙwabtaka a gida ɗaya ba ta mai da mutum biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai batun shaidu, wanda shi ne dokin da malamin ya fi hawa. Ban ƙaryata kowa ba. A wani binciken jin ra'ayi da aka yi a Amurka aka wallafa a 2014, kusan kashi biyu cikin uku na masu kumburin hanji da suka gwada barin gulutin sun ce sun ji sauƙi. Amma tambayarsu aka yi, ba a leƙa hanjinsu ba, kuma jin sauƙi da warkewar miki abu biyu ne. Wanda ya bar burodi ya bar abubuwa da yawa tare da gulutin. Alkama tana ɗauke da wani nau'in sukari mai suna furuktan, wanda ke cikin albasa da tafarnuwa ma, yana tsami a hanji ya kawo iska da kumburin ciki. A 2018 masu bincike a Nowe suka ɗauki mutanen da ba su da siliyak amma suka haƙiƙance gulutin ne ke damunsu, suka riƙa ba su abinci ba tare da sun san abin da ke ciki ba, sai aka ga furuktan ne ya fi tayar musu da ciki, gulutin kuwa bai fi abincin da babu komai a ciki ba. Ga kuma halin gyambon kansa: ciwo ne mai tashi ya lafa don kansa. Mutum yakan fara sabon tsarin abinci ne ranar da ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, don haka duk abin da ya fara a ranar shi zai kwashe ladan lafawar da dama tana tafe. Tarihin siliyak ma yana da darasi a nan. A 1924 likita Sidney Haas na birnin Niyok ya shahara da warkar da yara da ayaba, yara kuwa suka murmure da gaske, iyaye suka yi ta shaida. Ashe ba ayabar ce ta yi aikin ba, tsarin nasa ne ya kori burodi da biskit daga kwanon yaran ba tare da ya san nan maganin yake ba. Da yawa cikinsu aka ce musu sun warke, suka koma cin alkama, cutar ta ci gaba da cinsu a ɓoye. Shaidun ba su yi ƙarya ba, fassarar da aka yi wa shaidarsu ce ta kauce.

Shawarar nan ta a bar alkama wata ɗaya a gani, maimakon gwaji, tana kama da sauƙaƙa wa talaka, amma gyaran gangar Auzinawa ce. Gwajin siliyak yana neman sojojin garkuwar jiki a cikin jini, sannan a zura na'ura ta baki a gutsuro ɗan nama daga farkon ƙaramin hanji a duba. Duka biyun suna aiki ne muddin mutum yana cin alkama. In ya riga ya bari, alamun kan ɓace, sakamako ya fito kamar lafiya ƙalau, daga baya kuma sai likita ya nemi ya koma cin alkama makonni da dama yana wahala kafin a sake gwadawa. Mai gyambon da ba shi da siliyak zai ɗaura wa kansa takunkumin rayuwa a banza. Mai siliyak ɗin gaske kuma, tunda bai tabbatar ba, zai riƙa sassauci, 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini ma ba za a yi tunanin gwada su ba, alhali wajen ɗaya cikin goma na irin waɗannan dangi na kusa sukan kasance da cutar. A ƙasarmu akwai ƙarin dalili. Jini a bayan gida a wurinmu sunansa basir ko atuni tun kafin a duba, kuma cikin abubuwan da ke kawo shi akwai ƙwayar amiba, da tsargiya, da tarin fuka na hanji, da ciwon daji. Kowanne maganinsa daban, wani ma maganin gyambo na sitiroid zai iya mai da shi ajali, kamar yadda yake a amiba. Wanda ke zubar da jini ba ya bukatar wata guda na gwada abinci, gwajin bayan gida da leƙen hanji da na'ura mai kyamara yake bukata.

Mafi haɗarin abin da ke cikin rubutun shi ne kiran a janye magani. Malamin ya ce magani lulluɓe ciwo yake yi. Da ma ya waiwayi zamanin da babu abin lulluɓin. Kafin shekarun 1940 likitoci ba su da abin ba mai gyambo sai tsarin abinci da hutu da ƙarin jini, wato kusan abin da ake tallata mana yau a matsayin sabon ilimi, kuma mutane da yawa suna mutuwa in ciwon ya tsananta. Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta kawo salfasalazin a farkon shekarun 1940. A 1955 Truelove da Leslie Witts suka nuna da gwaji cewa kotizon yana ceton rai a lokacin tsanani. A 1977 Azad Khan, likita ɗan Bangaladash da ke aiki tare da Truelove, ya gano ɓangaren salfasalazin da ke yin aikin, wanda daga gare shi aka samu mesalazin na yau. Ana leƙa hanjin masu shan waɗannan magunguna a ga miki ya rufe, fata ta koma daidai, kuma ban san yadda za a kira wannan lulluɓi ba. Binciken Sunanda Kane na 2003 a Amurka ya bi masu gyambon da ciwonsu ya lafa, ya samu waɗanda ba sa shan mesalazin yadda aka tsara sun fi masu sha haɗarin dawowar ciwo da fiye da ninki biyar. Dawowar kuwa ba kullum take zuwa da sallama ba. Akwai wadda babban hanji ke buɗewa kamar salka har ya kusa fashewa, a ƙare a ɗakin tiyata a cire shi ɗungurungum. Akwai kuma kumburin da ke ci a hankali ba tare da ciwo ba, shekara da shekaru, wanda ke ƙara haɗarin ciwon dajin hanji, dalilin da ya sa ake fara leƙen hanji a kai a kai bayan kimanin shekara takwas da fara ciwo. Wace miya ce za ta gaya wa mutum abin da ke faruwa a can ciki?

Na san amsar da za ta biyo: magungunan suna da illa, kuma suna da tsada. Haka ne. Firednisolon in aka daɗe a kansa yana rage ƙarfin ƙashi, yana tayar da sukari da hawan jini, shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya barin mutum a kai, na kashe gobara ne kawai. Masu ƙarfi irin infiliksimab sai an binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B kafin a fara su, kuma cututtukan nan biyu ba baƙi ba ne a wurinmu. Amma wannan hujja ce ta a zauna da likita a zaɓi magani, tunda salfasalazin ya fi mesalazin araha kuma yana aiki, in an haɗa shi da ƙwayar folik asid. Abin mamaki, malamin da ya tsorata mu da magungunan gyambo bai ce uffan ba a kan diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saya a kowane lungu kamar alewa don ciwon jiki, alhali su ne aka sani suna iya tayar da gyambon da ya kwanta.

Yanzu a dubi kwanon mutumin da ya bi shawarar har ƙarshe. Siliyak ta riga ta ɗauke masa alkama da sha'ir, wannan dole ce. Malamin ya ƙara da madara, wake, ganye da yawancin hatsi. Me ya rage? Wannan fa mutum ne da ake yi wa sata ta ƙofa biyu. Farkon ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam, nan siliyak ta fi lalatawa, a ƙasa kuma gyambo yana zubar da jini. Ƙarancin jini na jiransa, raunin ƙashi na jiransa, balle in ya sha sitiroid. A irin wannan jiki ne za a hana nono da kindirmo da wake da zogale? Gaskiya ne mai siliyak da bai daɗe da barin alkama ba yakan kasa narkar da sukarin madara na ɗan lokaci, amma yawanci wannan yana gyaruwa in hanji ya warke, kuma kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi. Har ila yau, fatar babban hanji tana samun mafi yawan abincinta ne daga wani sinadari mai suna butiret, wanda ƙwayoyin halitta masu amfani ke samarwa idan suka narkar da harzar hatsi da wake da ganye. Wanda ya hana hanjinsa harza dindindin ya sa wa majiyyacin da yake jinya azumin dole. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wannan tsari ba ma sabo ba ne: jikan tsarin Haas ne, wanda Elaine Gottschall ta farfaɗo da shi a littafinta na 1994. Da aka gwada shi a Amurka a kan masu cutar Kuron, 'yar uwar gyambon, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna bai fi abincin mutanen gaɓar Bahar Rum ba, wanda ba ya hana hatsi ko wake, wanda kuma ya fi shi sauƙin bi nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka ina cewa abinci ba shi da wuri a jinyar gyambo. Yana da shi, wurin mataimaki. A lokacin da ciwo ya tashi, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan ya fi: kunu, faten dankali, shinkafa mai taushi, ƙwai, kifi, ayaba, da ruwan gishiri da sukari don mayar da abin da gudawa ta kwashe, a ɗaga wa yaji da soye-soye da ɗanyen ganye ƙafa na 'yan kwanaki. In ya lafa sai a dawo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya dami mutum a kai a kai ya rage shi, wanda bai dame shi ba ya ci abinsa. Wani bincike a Ingila a 2004 ya danganta yawan cin jan nama da naman gwangwani da shan giya da dawowar ciwon. Tsarin rage abinci masu tsami a hanji, wanda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fito da shi, yana rage iska da murɗa, amma gwajin da aka yi a Landan aka wallafa a 2020 ya nuna bai taɓa ma'aunin kumburi ba, ya ma rage wasu ƙwayoyi masu amfani, shi ya sa na 'yan makonni ne. Ko sinadarin kurkum, da gwaje-gwaje a Japan a 2006 da Isra'ila a 2015 suka nuna yana da amfani, a kan magani aka ɗora shi, ba a gurbinsa ba. Duk inda aka samu hujja mai ƙwari, abinci yana tafe ne a gefen magani.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda malamin ya tsananta inda ake bukatar sassauci, sannan ya sassauta a wuri ɗaya tak da ba a sassauci. Wai bayan shekara a riƙa taɓa alkama jefi-jefi. Siliyak ba ta san jefi-jefi ba. Hanji yana warkewa, amma garkuwar jiki ba ta mantuwa. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a kira abinci marar gulutin ba sai in abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, kuma binciken Catassi na 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a rana na tsawon wata uku ya isa ya fara ɓata hanji, abin da bai wuce ɗan gutsuren burodin da ake jefa wa kaza ba. Mutum na iya cin wannan bai ji komai ba, ɓarnar tana gudana. Kuma ga mai ciwo biyu akwai ƙarin ruɗani: in gudawa ta zo, ta alkama ce ko ta gyambo? Wanda ke tsare abincinsa sosai ya rage wa likitansa rabin wannan tambaya, sauran rabin kuma gwajin jini na siliyak da gwajin kalfurotektin a bayan gida su raba gardama.

Da malamin ya kashe tawadarsa a nan da ya yi wa mutane aikin da za su gode masa, domin cewa a koma abincin gargajiya kawai ba ta wadatar. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe ana nomanta da rani a fadamu, kuma alkaki, funkaso, gurasa da taliyar murji duk na gargajiya ne, duk alkama ne. Waɗannan a fili suke, kamar burodi, fanke, cincin, indomi, makaroni, kuskus da tuwon semo. Na ɓoye su ne abin tsoro. Ɗanwake da yawa yanzu da fulawa ake kwaɓa shi. Wata mai waina takan zuba 'yar fulawa a ƙullu don ya kama jiki. Man da aka soya fanke a ciki shi ake tsoma ƙosai. Injin niƙan unguwa da ya gama niƙa alkamar wata shi zai karɓi dawar mai siliyak ba a wanke ba, haka rariya, haka muciya, haka turmi. Lemunan malt da ake kai wa marar lafiya dubiya don ya samu ƙarfi yawancinsu akwai sha'ir a cikinsu. Wasu dunƙulen ɗanɗano da garin miya na leda suna da alkama a ciki, sai an karanta jikin leda. Gidan da ke da mai siliyak yana bukatar rariyarsa da tukunyarsa, da mai injin da aka yi magana da shi aka fahimci juna, ko a koma wa turmin da aka keɓe. Yana kuma bukatar dangi su daina cewa ɗan kaɗan ba ya komai a ranar biki. Su kuma kayan kanti masu tambarin babu gulutin da ake shigowa da su da tsada, yawancinsu sitaci ne da mai da sukari da sinadaran haɗa kwaɓi, harzarsu kaɗan. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ya fi su amfani ga babban hanji, ya kuma fi su araha.

Matsayina ke nan, kuma ban ga abin da zai sa in sassauta shi ba. Wanda ake zargin yana da ciwon nan biyu a tabbatar da kowanne da gwajinsa, na siliyak kuwa tun yana cin alkama. In siliyak ta tabbata, barin alkama, sha'ir da hatsin rai shi ne maganinta, har ƙarshen rayuwa, babu ranar hutu. Gyambon babban hanji kuma maganinsa yana hannun likita, ana shan sa ko ciwo ya lafa, ba a rage shi sai da shawarar wanda ya rubuta shi. Bayan abin da siliyak ta haramta, kwanon wannan mutum faɗaɗa shi ake yi gwargwadon abin da cikinsa ya karɓa, ana auna jininsa da ƙarfin ƙashinsa lokaci zuwa lokaci. Ina roƙon malamin, tunda rubutunsa ya riga ya shiga hannaye, ya janye aƙalla sashen janye magani. Akwai wanda zai karanta shi alhali yana zagayawa sau shida ko fiye a rana da jini, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya ya haura casa'in a minti ɗaya. A ma'aunin da Truelove da Witts suka kafa tun 1955, wanda likitoci ke aiki da shi har gobe, wannan mutum gadon asibiti yake bukata a ranar, ba jerin abin da zai daina ci ba.